Bin sawun bashin taki a rumbun bayanan ƙungiyarmu

Litinin, 6 ga Oktoba, 2025

Bayan la'asar Shugaba ya kira ni zaurensa, Ma'aji na zaune a gefe, ya miƙo mini jakar kwamfutar ƙungiya. Ya ce, "Malam, kai ne sakatare, kuma ka koyar da lissafi. Ga amana." Yaron da ya yi mana bautar ƙasa, wanda ya shekara yana zuba bayanan mambobi a cikinta, ya gama ya koma garinsu. Ya bar caja, da takarda mai lambar buɗe kwamfutar, da fayil guda ɗaya.

Abin da ake nema a wurina shi ne kafin babban taro na 15 ga Nuwamba in fitar da waɗanda suka karɓi taki bashi a daminar nan, nawa kowa ya biya, nawa ya rage. Dokarmu tun kafuwa ita ce wanda bai sauke na damina ba, ba a ba shi na rani. A nan ƙasar Kura kuwa, inda ruwan madatsar Tiga yake biyo magudanai har bakin gona, wanda ya rasa takin rani ya rasa rabin shekararsa. Duk sunan da na sa a jerin masu bashi, tukunyar wani gida na taɓa.

Na iya Excel daidai gwargwado, amma wannan fayil ya ƙi buɗuwa a ciki. Sunansa ya ƙare da .db. Na rufe na ajiye.

Laraba, 8 ga Oktoba

Na kira ɗan ƙanwata da yake karatun kwamfuta a jami'ar Wudil. Da na karanta masa ƙarshen sunan fayil ɗin sai ya ce, "Kawu, duba ko akwai manhaja mai suna DB Browser for SQLite a kan allon." Akwai. Ita yaron yake amfani da ita.

Ya bayyana mini cewa SQLite rumbun bayanai ne da yake zaune kacokan a cikin fayil ɗaya, ba ya buƙatar intanet ko wata babbar na'ura a wani wuri. Wani Ba'amurke, Richard Hipp, ya fito da shi a shekara ta 2000, kyauta ne, kuma yana cikin kowace waya mai Android, har saƙonnin WhatsApp a irinsa suke kwana. Hankalina ya kwanta da jin haka, don na ɗauka wani abu ne da yaron ya ƙirƙira wanda in ba shi babu mai kwance shi.

A ciki akwai jadawali uku manya: members mai layi 412, loans mai 655, repayments mai 1,138. Sunan mutum a na farko kawai yake. Sauran biyun lambarsa suke ɗauke da ita, member_id. Na ɗauko littafi na zana akwatuna uku, na rubuta ginshiƙan kowanne, na ja zare tsakanin lambobin. Kamar dai littafin rajista da littafin bashi da littafin rasit ne, sai dai an cire sunaye daga biyun ƙarshe.

Data ₦3,000. Caji a shagon mai sola ₦300.

Asabar, 11 ga Oktoba

Na fara yi wa rumbun tambaya da harshensa, wato SQL. Ta farko:

SELECT name, village FROM members WHERE village = 'Karfi';

Sunaye suka zubo, na san fuskar kusan kowa. Na daɗe ina kallonsu.

Daga nan na nemi ya ƙirga mini mambobin kowane gari da COUNT da GROUP BY. Garuruwa 7 muke da mambobi a ciki, shi kuwa ya ba ni 16. Ɗan Hassan kaɗai ya fito sau huɗu: da Ɗ mai lanƙwasa, da D tsurarta, da 'D mai ɗigon sama a gaba, da kuma Danhassan a haɗe. A wurinsa garuruwa huɗu ne daban. Na gwada LIKE, wanda bai damu da babban baƙi ko ƙarami ba, sai na tarar wannan sassaucin baƙaƙen Turanci kawai ya shafa. Ɗ da ɗ a wurinsa baƙi biyu ne da ba su san juna ba, haka Ƙ da ƙ. Duk mai riƙe da sunayen Hausawa a irin wannan rumbu ya san da wannan tun wuri.

Lahadi 12 zuwa Laraba 15

Yankan shinkafa. Ban buɗe kwamfuta ba.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Yau saura ƙiris in yi ɓarna. Na zauna in daidaita sunayen garuruwa da umarnin UPDATE. Na rubuta sashen da ke cewa a mayar da gari Ɗan Hassan, na sauka layi na biyu na rubuta sharaɗin WHERE. Ashe linzamina ya haskaka layin farko shi kaɗai, kuma manhajar abin da aka haskaka take zartarwa. Sai na ga a ƙasa an ce layi 412 sun canza. Kowa da kowa ya koma ɗan Ɗan Hassan, har mutanen Gundutse da Kosawa.

Gumi ya karyo mini. Ba ni da kwafi ko ɗaya. Na kira ɗan ƙanwata ina rawar murya. Ya ce, "Kawu, ka danna Write Changes?" Na ce ban taɓa komai ba. Ya ce, "To danna Revert Changes, kada ka rufe." Na danna, garuruwa suka dawo. Manhajar tana riƙe canji ne a gefe har sai ka ce ta rubuta shi cikin fayil. Da na danna ɗaya maɓallin, sai in bi mutum 412 ɗaya bayan ɗaya a littafin rajista.

Kafin magariba na hau babur na shiga Kura na sayo filash, ₦5,000. Dokar da na kafa wa kaina: asalin fayil ba a taɓa shi. Kullum zan kwafa, in sa kwanan wata a sunan kwafin, in yi aiki a kansa. Kuma kafin kowane UPDATE sai na fara yin SELECT da sharaɗi iri ɗaya na ga layukan da zai shafa da idona.

Garuruwa sun koma 7.

Asabar, 18 ga Oktoba

Batir ba ya wuce minti ashirin. Na shiga birni, Titin Beirut, aka sa sabo ₦22,000, mota zuwa da dawowa ₦3,000. Ma'aji ya ce in riƙe rasit.

Talata, 21 ga Oktoba

Na haɗa jadawali ukun da JOIN ta lambar mamba, na tace daminar bana, na tara bashi da SUM, na tara biya, na debe. Ya fito tsaf, suna da gari da abin da ya rage. Na ji daɗi ƙwarai. Jimillar bashin ta yi mini yawa, amma na ce wataƙila haka abin yake, ai ba a taɓa tarawa wuri ɗaya ba.

Bayan isha na kai wa Ma'aji ya gani kafin kowa. Ya sa tabarau yana bin layi da yatsa, sai yatsan ya tsaya. Sunansa ne, ana binsa ₦130,000. Bai ɗaga murya ba. Ya tashi ya shiga ciki, ya fito da rasit uku a leda: ₦50,000, ₦50,000, ₦30,000, duka da sa hannuna. Ya ce, "Malam, ni da nake riƙe da kuɗin jama'a, in wannan takarda ta fita, da wane ido zan kalli mutane a masallaci?"

Na ba shi haƙuri, na ce babu wanda ya gani kuma babu wanda zai gani. Dattijon nan ya riƙe asusunmu shekaru ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Na dawo gida barci ya ƙi zuwa. Abin da ya fi tsaya mini shi ne, da ba sunansa ne ya faɗo ba, da sunan wani ne wanda ba ya ajiye rasit kuma ba ya iya ja da sakatare, da na wuce da takardar nan taro ina ganin na yi aiki.

Laraba, 22 ga Oktoba

Da asuba na cire SUM da GROUP BY, na ce a nuna mini layukan Ma'aji kawai, tsirara. Layi shida suka fito. Bashi biyu ya karɓa, kamfa na ₦90,000 da yuriya na ₦40,000, ya biya sau uku. Da na haɗa jadawalin bashi da na biya ta lambarsa, sai kowane bashi ya auri kowane biya: biyu sau uku, shida. Bashinsa ya maimaitu sau uku ya zama ₦390,000, biyansa ya maimaitu sau biyu ya zama ₦260,000, ragowa ₦130,000. Lissafin tarawa daidai yake. Layukan da na ba shi ya tara ne suka ninku.

Muguntar wannan kuskure ita ce ba kowa yake kamawa ba. Mai bashi ɗaya da ya biya sau ɗaya, nasa daidai yake fitowa, shi ya sa mutum biyar ɗin da na fara dubawa ba su nuna mini komai ba. Wanda kuskuren yake cutarwa shi ne mai biya kaɗan-kaɗan, yau ya kawo gobe ya kawo, wato mutumin da ya fi kowa ƙoƙari. Yawan zuwansa biya shi ke ninka masa bashi.

Gyaran: a tara bashin kowa a gefe guda, layi ɗaya ga mutum ɗaya, a tara biyan kowa a wani gefen, sannan a haɗa sakamakon biyu. Ɗan ƙanwata ya turo mini yadda ake yi da WITH. Ma'aji ya koma sifili. Na je har gona na shaida masa.

Daga yau duk tambayar da na rubuta sai na gwada ta a kan mutum goma da na zaɓa da gangan na lissafa nasu da biro daga littafin rasit: mai bashi ɗaya, mai uku, wanda ya gama, wanda bai fara ba, mai biya sau da yawa.

Asabar, 25 ga Oktoba

Gwajin mutum goma ya yi rana tun yau. Wanda na san bai biya ko sisi ba, babu shi a rahoton sam. Na ƙirga: mutum 288 suka karɓi bashi a damina, rahoto ya nuna 257. Mutum 31 sun ɓace, kuma su ne ma ainihin waɗanda ake nema.

JOIN na yau da kullum yana kawo wanda yake da layi a ɓangarorin biyu ne kawai. Wanda bai taɓa biya ba ba shi da layi a jadawalin biya, sai a watsar da shi. LEFT JOIN ya dawo da su, amma gurbin biyansu ya zo da NULL. Na ɗauka sifili ne. Ba haka ba, ma'anarsa "ba a sani ba", kuma duk abin da ka debe wa "ba a sani ba", amsar ma ba a sani ba. Da na tace masu ragowa sama da sifili sai suka sake zamewa. COALESCE ne ya warware, yana cewa in gurbi fanko ne a ɗauke shi sifili. Yanzu 288 cif.

Abin ya ba ni tsoro in na haɗa shi da na ranar Talata. Rahotona na farko ya ɗora wa masu biya, ya kuma sallami waɗanda ba su biya ba.

Litinin, 27 ga Oktoba

Shigar da sababbin rasitai 46, mutane sun fara sayar da shanshera. Na lura kwanan wata iri biyu ne a jadawalin biya, wasu 2025-08-14, wasu 14/08/2025. SQLite ba shi da gurbi na musamman don kwanan wata, a fayil ɗinmu a matsayin rubutu aka ajiye shi, kuma tsarin shekara-wata-rana ne yake jeruwa daidai. Na mayar da su duka haka da substr, a kan kwafi. Data ₦3,000.

Alhamis, 30 ga Oktoba

Na jera biyan kuɗi daga mafi ƙanƙanta, don in ga ko akwai abin mamaki. Akwai: mutane sun biya naira 2, naira 3, naira 5. Na duba wani ginshiƙi da ban kula da shi ba mai suna mode, an rubuta paddy. Buhunan shanshera ne aka kawo sito a madadin kuɗi, aka rubuta adadin buhu a gurbin naira. Layi 58 ne haka.

Na samu tsohon ɗan bautar ƙasarmu a waya. Ya amsa da fara'a, ya ce lokacin ba a tsayar da farashin buhu ba, shi ya sa ya ajiye adadin yana jiran kwamiti, kuma ya faɗa a baki. Gaskiyarsa, na tuna an yi maganar, ba a dai rubuta ba. Lissafin da sauƙi, CASE zai ce in buhu ne a ninka da farashi. Amma wane farashi? Na ranar da mutum ya kawo, ko na yau da kaka ta yi shanshera ta sauko? Bambancin zai iya fitar da mutum daga jerin ko ya shigar da shi. Wannan ba hurumina ba ne. Na rubuta wa kwamiti.

Lahadi, 2 ga Nuwamba

A cikin 31 ɗin nan da ba su biya komai ba akwai wata dattijuwa da mijinta ya rasu bara, ita take noma gonar da 'ya'yanta. Zuciyata ba ta yarda ba, don na tuna ganin babban ɗanta a bakin sito da kura. Na je gidan da hantsi, na yi sallama, aka shimfiɗa mini tabarma a zaure, ta tsaya daga bayan ƙofa. Bayan gaisuwa na ce, "Inna, ba bashi na zo nema ba. Littafi nake gyarawa, ina so in ga rasit in akwai."

Ta aiko ƙaramin da gwangwanin madara. Rasit huɗu a ciki, a naɗe, duka da sunan marigayin da lambarsa. Ta ce, "Ɗan nan, ai sunan mai gidan nake faɗa in na aika. Bakina bai saba da faɗin nawa ba."

Shi ke nan abin da ya faru. An buɗe mata sabuwar lamba, bashi ya shiga can, biya kuma yana tafiya tsohuwar lambar mijinta. Ta biya duka har da rarar ₦2,000. Babu tambayar SQL da za ta gano wannan in ba ka san gidan ba. Amma ta koya mini tambayar da zan yi: su wa suka biya a damina alhali ba su karɓi bashi a damina ba? Da dare na yi ta, lambobi 9 suka fito. Biyu na mamata ne. Sauran bakwai, kowacce mutum ɗaya ne aka yi wa rajista sau biyu, nan Muhammadu can Mamman, nan Abubakar can Habu ko Garba, nan da lanƙwasa can babu. Na tabbatar da kowanne ta lambar waya da sunan uba da littafin rasit.

Ban goge kowace lamba ba. Na buɗe ɗan ƙaramin jadawali mai ginshiƙi biyu, tsohuwar lamba da wadda ta gaje ta, rahoto yana bi ta cikinsa. In gobe aka ce na yi kuskure a kan wani, layi ɗaya za a cire.

Laraba, 5 ga Nuwamba

Kwamiti ya zauna. An daɗe ana ja, aka tsaya a kan farashin ranar da mutum ya kawo buhunsa, kamar yadda yake a littafin sito. Na roƙi abu ɗaya: kada a karanta sunayen masu bashi a taro, kada a manna a bango, kada a tura a WhatsApp. Wani ya ce kunya ce ke sa mutane biya. Na ce, "Ranka ya daɗe, sau huɗu takardar nan tana yi mini ƙarya cikin wata ɗaya. Ban da tabbacin babu na biyar." Ma'aji ya goyi bayana. Aka amince kowa a ba shi 'yar takardarsa a hannu, a ba da mako guda na ƙorafi.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Na adana tambayar da CREATE VIEW, don kada in riƙa sake rubuta ta. Na fitar da sakamakon a CSV na buɗe a Excel, sai sifilin farkon lambobin waya ya zube, baƙaƙe masu lanƙwasa kuma suka koma wasu alamomi. In aka shigo da fayil ɗin ta sashen Data, aka zaɓi UTF-8, aka ce ginshiƙin waya rubutu ne, komai yana zama daidai. Bugawa a Kura shafi 78, ₦7,800. Na tsaya a kan mai shagon har ya goge fayil ɗin daga na'urarsa.

Asabar, 15 ga Nuwamba

An yi taro. Jimilla kawai na karanta, gari-gari. Takardu sun shiga hannun masu su. Mutum shida sun same ni bayan an tashi. Huɗu rasitansu na makon nan ne da ban kai ga shigarwa ba. Ɗaya ya manta yuriyar da ɗansa ya karɓa, ya tuna da na nuna masa ranar. Na shidan yana da rasit na ₦25,000 na watan Agusta wanda babu shi a rumbun ko kaɗan, amma yana nan a kwafin littafin rasit. Tsallake shi aka yi wajen shigarwa.

Litinin, 17 ga Nuwamba

Kuɗin da aka kashe zuwa yau: data ₦6,000, caji ₦4,200, filash ₦5,000, batir ₦22,000, mota ₦3,000, bugawa ₦7,800. Jimilla ₦48,000, na miƙa wa Ma'aji rasitai.

Maganar mutum na shida ita ce aikin makon nan. In an tsallake ɗaya, ana iya tsallake wasu, kuma rumbun bai ajiye lambar rasit ba balle in nemi giɓi. Zan ƙara ginshiƙin lambar rasit, mu zauna da ɗan Ma'aji, shi yana karantowa daga littafi ni ina dubawa, littafi ɗaya kowane dare. Littattafai biyar ne na damina.

Kafin a fara rabon takin rani ina so a raba gurbin buhu da na naira, a kuma sa sunan gari ya zama zaɓi daga jeri bakwai maimakon a rubuta da hannu. Fayil ɗin ba shi da makulli na kansa, duk wanda ya samu filash ya samu komai, don haka filash zai zauna a akwatin Ma'aji. Na kuma fara rubuta bayanin kowane ginshiƙi da Hausa a bayan littafin nan, na kai mode. Ɗan ƙanwata zai zo hutu ranar Juma'a mu duba SQLCipher, wanda ya ce yana kulle fayil da kalmar sirri.